Daga Kufan Machu Picchu Zuwa Tsibiran Galapagos: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A cikin tafiye-tafiyen hutu da kamfanonin yawon buɗe ido suke shirya wa mutane a Kudancin Amurka, akwai wadda ta yi fice, watau wadda ake haɗa wurare biyu a cikin kwana goma zuwa mako biyu. Wuri na fari shi ne Machu Picchu, kufan wani gari na dutse da ke bisa duwatsun Andis a ƙasar Peru. Na biyu kuwa tsibiran Galapagos ne na ƙasar Ekwado, waɗanda ke cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar. A wancan mutum zai ga aikin hannun mutanen da suka shuɗe tun fiye da shekara 500, a wannan kuwa zai ga dabbobi da tsuntsayen da babu irinsu ko'ina a duniya.

Mun san cewa a cikin masu karanta wannan shafi kaɗan ne za su iya biyan kuɗin irin wannan tafiya, gama sai mutum ya tanadi dubban daloli. Duk da haka mun ga ya dace mu kawo labarinta, domin akwai abin lura a ciki. Waɗannan wurare biyu sun tsira ne a dā saboda wuyar zuwa gare su. Yau jirgin sama da jirgin ƙasa sun kawar da wannan wuya, saboda haka hukumomi suka maye gurbinta da doka. An ƙayyade yawan masu shiga, an shata musu hanyar da za su bi, an kuma sa ja-gora a gabansu. Baƙo ya biya kuɗi mai yawa, amma ba ya taka inda ya ga dama. Bari mu bi tafiyar daki-daki mu ga dalili.

Kusko, Birnin Sarakunan Inka

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Peru, sai an yada zango a wata ƙasa, kuma mai fasfo ɗin Nijeriya yana bukatar biza ta ƙasashen biyu. Akan sauka a Lima, babban birnin Peru, da ke bakin teku, daga nan a sāke shiga wani jirgin na awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa birnin Kusko. A nan ne baƙo zai fara sanin cewa ya bar gida. Kusko tana bisa tudu mai tsawon mita 3,400 daga doron teku, watau kusan ninki uku na tudun birnin Jos. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, saboda haka sabon zuwa yakan yi fama da ciwon kai da haki da rashin barci. Ja-gora nagari ba ya gaggawar fita da mutanensa a ranar fari. Yakan sa su huta, su sha ruwa da yawa, su yi tafiya sannu-sannu, gama sannu ba ta hana zuwa. A masaukai akan ba baƙi shayin ganyen koka, wanda mutanen ƙasar suka saba da shi tun kaka da kakanni. Sai dai mai tafiya ya kiyaye kada ya sa ganyen a jakarsa ya fita da shi, domin a ƙasashe da yawa laifi ne babba.

Kusko ita ce fadar daular Inka, wadda ta shimfiɗu daga kudancin Kolombiya ta yau har zuwa tsakiyar ƙasar Cile. Wanda ya faɗaɗa ta shi ne Sarki Pachacuti, da ya hau gadon sarauta wajen shekarar 1438. Mutanen Inka ba su da rubutu irin namu, da igiyoyi masu ƙulli-ƙulli suke ajiye lissafin haraji da na jama'a. Ba su san ƙarfe irin na maƙeranmu ba, ba su kuma yi amfani da keke ko amalanke ba. Dabbar dakonsu ita ce lama, 'yar'uwar raƙumi ce amma ƙarama, ba ta da tozo. Da haka suka shimfiɗa hanyoyi na kimanin kilomita 30,000 a cikin duwatsu. A tuddan nan ne kuma aka fara noman dankalin turawa dubban shekaru da suka wuce, wannan dai da manomanmu na Filato suke nomawa a yau.

Faɗuwar daular ta zo da sauri. Wata annoba, da ake jin ta agana ce da baƙi suka kawo nahiyar, ta kashe mutane da yawa, sa'an nan 'ya'yan sarki biyu, Atahualpa da Huaskar, suka yi yaƙin basasa a kan sarauta. Ana cikin wannan hali sai Francisco Pizarro, mutumin Sifen, ya iso da mutum 168 kacal. A ranar 16 ga Nuwamba, 1532, ya kama Atahualpa a garin Kahamarka. Sarkin ya yi alkawarin cika ɗaki guda da zinariya, ya kuma cika shi sau biyu da azurfa, domin ya fanshi kansa. An karɓi dukiyar, amma duk da haka aka kashe shi a 1533.

Baƙon da ja-gora ya zagaya da shi cikin Kusko zai ga wannan tarihi a jikin bango. Babban haikalin rana na Inka, da ake kira Korikanca, an kwashe zinariyar da aka lulluɓe bangonsa da ita, aka gina majami'ar Santo Domingo a bisa harsashinsa. Da girgizar ƙasa ta auku a 1950, ginin Turawan ya lalace ƙwarai, amma bangon Inka da ke ƙarƙashinsa bai motsa ba. Har yau ana ganin su biyun, ɗaya bisa ɗaya.

Garin Da Aka Gina Bisa Tsauni

Daga Kusko zuwa Machu Picchu kimanin kilomita 80 ne ta arewa maso yamma. Yawancin baƙi sukan gangara kwarin kogin Urubamba da mota zuwa garin Ollantaytambo, su shiga jirgin ƙasa na kusan awa biyu zuwa ƙauyen Aguas Calientes da ke gindin tsaunin, daga nan bas ta hau da su ta wata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe na wajen rabin awa. Kufan yana bisa tsawon mita 2,430, watau kusan daidai da tsawon Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya.

Masana sun fi yarda cewa Sarki Pachacuti ne ya sa aka gina garin wajen tsakiyar ƙarni na 15, ya zama masa gandu da wurin hutawa shi da fadawansa. Akwai gine-gine kimanin 200, da suka haɗa da gidaje, da rumbuna, da wuraren ibada, kuma mazauna garin ba su wuce ɗaruruwa ba. Binciken da aka yi a kan ƙasusuwan waɗanda aka binne a wurin ya nuna cewa barorin da suka yi hidima a garin an kawo su ne daga sassa dabam-dabam na daular, har da dazuzzukan Amazon. Kimanin shekara ɗari kawai aka zauna garin. A zamanin da Sifaniyawa suka ci ƙasar aka watse aka bar shi, kurmi ya rufe shi, mayaƙan Sifen kuwa ba su taɓa isa gare shi su rushe shi ba.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne ginin. A manyan ɗakunan an sassaƙa duwatsu an jera su ba laka ba siminti, sun haɗu tsaf har ba a iya cusa wuƙa a tsakaninsu. Da duwatsu masu tauri aka riƙa dandaƙar su, a nan bisa tsaunin aka haƙo su. An sa bangon ya ɗan karkata ciki, ƙofofi kuma suna da faɗi a ƙasa, sun tsuke a sama, domin idan ƙasa ta girgiza duwatsun su motsa su koma mazauninsu.

Amma injiniyoyin da suka auna wurin sun ce mafi yawan aikin, kimanin kashi 60 cikin 100, yana ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. Ruwan sama da ke zuba a wurin yana kusan mita biyu a shekara, kuma gari ne a kan gangare, da ba a yi masa dabara ba da tuni zaizaya ta kwashe shi. Maginan suka datse gangaren hawa-hawa da bangon dutse, a cikin kowane hawa suka zuba manyan duwatsu a ƙasa, sai tsakuwa, sai yashi, sa'an nan ƙasar noma a sama. Suka bar magudanai kimanin 130 a cikin bangaye. Ruwan sha kuwa daga wani marmaro suka jawo shi ta kwata mai tsawon kusan mita 750, ya riƙa zuba a maɓuɓɓugai 16 da ke jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Mai gaggawar ɗaukar hoto ba zai lura da waɗannan ba sai ja-gora ya tsayar da shi ya nuna masa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce baƙo ko da ido makaho ne.

Wa Ya Gano Shi?

A littattafai da yawa an rubuta cewa Hiram Bingham, wani malamin Jami'ar Yale ta Amurka, shi ya gano Machu Picchu a ranar 24 ga Yuli, 1911. Ja-gorori 'yan ƙasar sukan ƙara wa baƙi bayani a nan. Wani manomi ne na yankin, Melchor Arteaga, ya kai shi bisa tsaunin, inda ya tarar da iyalai suna noma a tsoffin gonakin, kuma wani yaro daga cikinsu ne ya zagaya da shi cikin kangayen. A jikin wani bango ma ya ga sunan wani ɗan Peru, Agustín Lizárraga, da ya riga shi zuwa tun 1902. Abin da Bingham ya yi shi ne ya share kurmin, ya ɗauki hotuna, ya sanar wa duniya. Ya kuma ɗauka cewa nan ne mafakar ƙarshe ta sarakunan Inka, amma daga baya aka tabbatar cewa wannan mafaka tana wani wuri dabam a cikin kurmi.

Dubban kayan tarihi da ya haƙo, da tukwane da ƙasusuwa, an kai su Amurka a kan aro. Sai da Peru ta yi ta jayayya, har ta shigar da ƙara a kotu, kafin aka cimma yarjejeniya a 2010, aka maido kayan a 2011 da 2012. Yanzu suna wani gidan tarihi a Kusko. Aron da ya kai kusan shekara ɗari ke nan.

'Yan Dako Da Ƙayyade Baƙi

Masu ƙarfin ƙafa sukan zaɓi su isa kufan ta tsohuwar hanyar Inka, tafiyar kwana huɗu ta kimanin kilomita 43, wadda ke ratsa wata mashiga mai tsawon mita 4,215. A safiyar rana ta huɗu ne sukan ɓullo ta Ƙofar Rana su hangi garin a ƙarƙashinsu. A dā kowa yakan bi hanyar yadda ya so, har shara ta yi yawa, matakalun suka fara lalacewa. Tun farkon shekarun 2000 gwamnati ta hana kowa bin ta sai tare da kamfani mai lasisi da ja-gora. Mutum 500 kaɗai ake ba izini a rana, kuma fiye da rabinsu ma'aikata ne. A kowane watan Fabrairu, lokacin da damina ta yi ƙarfi a can, akan rufe hanyar domin gyara.

Waɗannan ma'aikata su ne ba a cika sa hotonsu a takardun talla ba. 'Yan dako ne, yawancinsu manoma masu magana da harshen Kecuwa daga ƙauyukan tuddai. Su ke ɗaukar tantuna da abinci da tukunyar gas a baya, su riga baƙi tashi, su wuce su a hanya da gudu, su kafa zango su dafa abinci kafin a iso. An daɗe ana ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu a kan ɗan kuɗi kaɗan. A 2001 Peru ta yi dokar kare 'yan dako, aka sāke ƙarfafa ta a 2022, inda aka ƙayyade kaya kilo 20 ga namiji, kilo 15 ga mace. Akwai wuraren awo a kan hanyar. Duk wanda ya ga tallar tafiyar da arahar ta ta yi yawa, to, ya tambaya daga bayan wa aka rage kuɗin.

Shi kansa kufan yana shan nauyi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1983, a 2007 kuma aka zaɓe shi cikin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya, baƙi suka ƙaru har suka kai kimanin miliyan ɗaya da rabi a 2019. Tafin ƙafa yana cin dutse a hankali. Wani lokaci ma ɓarnar farat ɗaya ce, kamar a 2000, sa'ad da injin ɗaga kaya na masu ɗaukar fim ɗin tallar giya ya faɗo ya ɓantare gefen Intihuatana, dutsen da aka sassaƙa domin lura da tafiyar rana. Daga 2024 an tsayar da masu shiga a 4,500 a rana, a lokacin cunkoso kuwa 5,600. Kowane tikiti yana da sa'arsa da hanyarsa, kuma ba a komawa da baya.

Wannan ƙayyadewa ba ta yi wa kowa daɗi ba, gama dubban iyalai da baƙin nan suke cin abinci. A Janairun 2010 ambaliya ta wanke hanyar jirgin ƙasa, aka kwashe dubban baƙi da jirage masu saukar ungulu, aka rufe wurin har zuwa Afrilu. A Janairun 2023 an sāke rufe shi na 'yan makonni saboda tarzomar siyasa. A kowane karo masu masauki da masu sayar da saƙa da direbobi su ne suka fara jin jiki.

Jirgin Bishop Da Ya Ɓace

Daga Kusko matafiya sukan koma Lima, su tashi zuwa Kito ko Gwayakil a Ekwado, daga nan su sāke tashi na kimanin awa biyu zuwa tsibiran. Mai karatu zai yi tsammani kamfanonin yawo ne suka fara haɗa Peru da Galapagos, amma tarihi ya riga su. A 1535 Sarkin Sifen ya aiki Bishop na Panama, Tomás de Berlanga, zuwa Peru domin ya binciki al'amuran Pizarro da rigimar da ke tsakaninsa da abokinsa Almagro. A hanya iska ta ɗauke, igiyar ruwa ta ja jirgin yamma, har a ranar 10 ga Maris suka hangi wasu tsibirai da babu su a taswira. Ruwan sha ya ƙare musu, suka riƙa tauna wani tsiro mai ƙaya domin su sami ɗan danshi, mutum biyu da dawaki goma suka mutu da ƙishi. A wasiƙar da ya rubuta wa sarki ya bayyana ƙasar a matsayin tarin duwatsu marar amfani, ya ba da labarin kunkuru masu girman da za su ɗauki mutum, da tsuntsayen da ba su san gudun mutum ba.

Tsibiran duwatsu ne masu aman wuta da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, manyansu 13 ne, ba su kuma taɓa haɗuwa da babbar ƙasa ba. Suna kan layin da ya raba duniya biyu, amma igiyar ruwa mai sanyi da ke tahowa daga kudu ta gaɓar Peru tana rage musu zafi. Shi ya sa ake samun fengwin a wurin, tsuntsun nan na ƙasashen sanyi da ba ya tashi sai iyo. Akwai ƙadangaren teku, baƙi mai kama da guza, wanda shi kaɗai ne a duniya cikin danginsa yake nutso yana kiwo a ƙarƙashin ruwa. Akwai tsuntsaye masu shuɗɗan ƙafafu da ke rawa suna ɗaga su a lokacin neman aure, da zakunan teku da ke kwanciya a kan bencin kasuwar kifi ba ruwansu da kowa. Da yake sun daɗe ba su da mai farautarsu a tudu, ba su gaji tsoro ba.

Charles Darwin ya yi mako biyar a tsibiran a 1835, ya sauka a huɗu daga cikinsu. Ya lura cewa tsuntsayen wannan tsibiri sun ɗan bambanta da na wancan, an kuma gaya masa cewa da ganin ƙoƙon bayan kunkuru ana iya sanin tsibirin da ya fito. Waɗannan abubuwa suna cikin waɗanda suka kai shi ga littafin da ya buga a 1859 a kan asalin ire-iren halittu, littafin da ya ta da muhawara mai tsawo a tsakanin masana kimiyya da malaman addini. Kowane ɓangare mutum yake a wannan muhawara, kunkurun da ake magana a kansu suna nan, kuma saura ƙiris da an rasa su.

Kunkuru Da Akuya

Rashin tsoron nan shi ya jawo wa dabbobin bala'i. Kunkurun Galapagos yana iya wuce kilo 200, yana rayuwa fiye da shekara 100, kuma yana iya yin wata da watanni ba ci ba sha. Ga matuƙan jiragen ruwa na zamanin da ba firji, wannan nama ne da ba ya ruɓewa. 'Yan fashin teku da masu farautar manyan dabbobin ruwa suka riƙa loda su a cikin jirage, suna kifa su a bayansu, suna yanka ɗaya bayan ɗaya a hanya. An kiyasta cewa fiye da 100,000 aka kwashe ta haka. Jirgin da ya kawo Darwin ma ya ɗebi nasa guzurin.

Abin da mutum ya kawo ya fi abin da ya ɗauka ɓarna. A 1959 masunta suka saki awaki uku a tsibirin Pinta domin su riƙa samun nama. Cikin shekara goma sha kaɗan sun kai kimanin 40,000. Mu da muka san abin da akuya ɗaya take yi wa gonar da ba shinge, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Suka cinye ciyawa da ƙananan itatuwa, suka bar kunkuru ba abinci ba inuwa. A 1971 aka sami kunkuru guda tak da ya rage na irin Pinta, aka sa masa suna George Maraya. An yi shekara 40 ana nema masa hanyar haihuwa ba a dace ba. Ya mutu a ranar 24 ga Yuni, 2012, irinsa ya ƙare da shi.

An yi nasara a wasu wurare. Daga 1997 zuwa 2006 aka yi gagarumin aikin kawar da awaki fiye da 140,000 daga Pinta da Santiago da arewacin Isabela, har da maharba a jirage masu saukar ungulu. Da suka rage kaɗan suna ɓuya, sai aka riƙa ɗaura wa wata akuya na'ura a wuya a sake ta, ita kuwa ta nemi 'yan'uwanta, maharba su bi ta. Ma'aikatan suka sa wa irin wannan suna akuyar Yahuza, dalilin sunan kuwa ba ɓoyayye ba ne ga masu karatunmu. A tsibirin Española kunkuru 14 suka rage, mata 12 da maza 2. Aka tattara su, aka ƙara musu namiji guda mai suna Diego da aka dawo da shi daga gidan dabbobi na San Diego a Amurka. Kafin a rufe shirin a 2020 zuriyarsu ta haura 2,000. A tsibirin Pinzón kuma, bayan an kashe ɓerayen da ke cinye ƙwai da 'ya'ya a 2012, aka ga jariran kunkuru sun ƙyanƙyashe a daji karo na fari cikin fiye da shekara ɗari. Har yanzu dai ana fama da wani ƙuda baƙo da tsutsarsa ke shan jinin 'ya'yan tsuntsaye a cikin sheƙa.

Dokokin Tsibiran

Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi fushi da dokokin da zai tarar ba. Ekwado ta mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun da aka keɓe a 1959, a 1978 kuma suka shiga jerin farko na UNESCO. An keɓe tekun da ke kewaye da su a 1998, aka ƙara masa faɗi a 2022. Tun a filin jirgin Kito ko Gwayakil ake binciken jakar kowa domin kada ya shigo da iri ko 'ya'yan itace ko ƙwaro, a cikin jirgi ma akan fesa magani. Da saukarsa baƙo zai biya kuɗin shiga, wanda aka ɗaga daga dala 100 zuwa dala 200 a watan Agusta na 2024.

A yawancin wuraren gandun ba a sauka sai tare da ja-gora mai lasisin hukuma, kuma ja-gora ɗaya ba ya jan fiye da mutum 16. Ba a barin hanyar da aka shata, ba a matsawa kusa da dabba fiye da mita biyu, ba a taɓa ta, ba a ba ta abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Jirgin ruwa mai yawo da baƙi ba ya ɗaukar fiye da mutum 100, hukuma ce kuma take tsara masa inda zai tsaya, ba ya komawa wuri ɗaya sai bayan kimanin mako biyu. Wasu baƙi a cikin jirgin suke kwana, wasu kuwa a masaukan garuruwa irin su Puerto Ayora, inda kuɗinsu ya fi shiga hannun mazauna.

Duk da waɗannan matakai nauyin yana ƙaruwa. Mazauna tsibiran sun kusa 30,000, baƙi kuwa sun haura 300,000 a 2023, kuma yawancin abincinsu da man da ake ƙonawa jiragen ruwa ne ke kawowa daga babbar ƙasa. Kowane jirgi ƙofa ce ga ɓera ko tururuwa ko hatsari. A Janairun 2001 wani jirgin dakon mai ya yi hatsari kusa da tsibirin San Cristóbal, ƙadangarun teku masu yawa suka mutu a tsibirin da ke maƙwabtaka. Daga 2007 zuwa 2010 UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. A ɗaya gefen kuma, kuɗin baƙin nan ne ke biyan masu gadin gandun, shi ne kuma ya sa masunci ya ga kifin da ke raye a ruwa ya fi masa riba a kan wanda ya kama. Idan baƙi suka daina zuwa kuɗin kiyaye gandun zai yanke, idan kuma suka yi yawa abin da suka zo gani zai lalace. Tsakanin waɗannan biyu hukumomin Ekwado da na Peru suke ta awo kowace shekara.

Ga Mai Niyya, Da Ga Mai Zama Gida

Wanda Allah ya hore masa ya yi niyya, ya sani rani a tuddan Peru daga Mayu ne zuwa Satumba, daidai lokacin daminarmu, kuma a lokacin ne tikiti ke ƙarewa da wuri, saboda haka sai a nema tun da watanni. Ya ga likita kafin ya tashi, musamman mai ciwon zuciya ko hawan jini. Ya tambayi kamfanin da zai bi ko yana da lasisi, da yadda yake biyan 'yan dakonsa, da mutum nawa ne ke bayan ja-gora ɗaya. Idan ja-gora ya ce a tsaya nan, a tsaya.

Mu da za mu zauna gida kuwa, muna da namu garin na dutse. Sukur da ke kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa yana da gonaki hawa-hawa, da hanyoyin da aka daɓe da dutse, da fadar Hidi, da tsoffin wuraren narkar da tama. A 1999 ya shiga jerin nan na UNESCO da Machu Picchu da Galapagos suke ciki, shi ne kuma na fari daga Nijeriya. A 2014 'yan Boko Haram suka kai masa hari suka ƙone gidaje. Da yawa daga cikinmu mun ji sunan kufan Peru, amma ba mu taɓa tambayar hanyar Sukur ba. Malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin matasa da ke shirya fita a lokacin hutu su tuna da shi, su bincika lafiyar hanya tukuna, su nemi izinin masu gari, su kuma biya ɗan garin da zai yi musu ja-gora hakkinsa.